Itacen da ba a dasa ba: tarihin dawowar gawo a gonakin Yekuwa da kewaye

Kowace shekara, ranar 3 ga Agusta, ana dashen itatuwa a faɗin Jamhuriyar Nijar. Hukumomi su fito, sarakunan gargajiya su fito, a tattaro yara, a haƙa ramuka, a yi jawabai, a ɗauki hotuna. Tun shekarar 1975, zamanin Seyni Kunce, aka haɗa ranar samun 'yancin kai da bikin dashen itace, kuma har yau ba a fasa ba. Sai dai duk wanda ya ratsa gonakin Yekuwa, ko Magarya, ko Dungas a tsakiyar rani, ya ga gawo jere ko'ina da koren ganye alhali ƙasa ta bushe, ya kamata ya san cewa mafi yawan waɗannan itatuwa ba a wurin biki aka dasa su ba. Hasali ma ba wanda ya dasa su. Da kansu suka tsiro, manoma suka ƙyale su, suka gyara su, suka tsare su. Yadda aka yi hakan ta faru tarihi ne da ya cancanci malamai su koyar, iyaye kuma su riƙa ba 'ya'yansu labarinsa, domin yaran da ke tasowa yau sun tarar da inuwar ne kawai, ba su ga lokacin da babu ita ba.

Yekuwa ƙaramar hukuma ce a gundumar Magarya, cikin jihar Damagaram, dab da iyakar Najeriya. Dungas da ke gabas da ita tana cikin gundumar Magarya ne har zuwa 2011, lokacin da aka ba ta tata gundumar. Gari ne mai tsohon suna: masu tarihin Daura suna ambaton Yekuwa cikin wuraren da gidan sarautar Haɓe ya zauna bayan jihadi ya fitar da shi daga birnin Daura, kafin daga baya ya kafu a Zango. Ƙasar jigawa ce, ta gero da dawa da wake da gyaɗa, ga kuma fadamun Korama inda ake rake da kayan lambu. Tana cikin yankunan karkarar Nijar da suka fi cunkoson jama'a. Sunan Magarya kansa sunan itace ne, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna matsayin itace a rayuwar mutanen wurin.

Gawo kuwa halinsa daban yake da na sauran itatuwa. Idan damina ta sauka kowane itace ya yi kore, shi sai ya kakkaɓe ganyensa ya tsaya tsirara. Idan kaka ta wuce rani ya shigo, sai ya tofo. Wannan saɓani shi ne amfaninsa ga manomi. Ganyen da ya zubar yana ruɓewa a gindinsa daidai lokacin da shuka ke buƙatar taki, kuma da yake ba shi da ganye a damina, inuwarsa ba ta danne gero. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa ƙwarai ta nemo ruwa, tana kuma ƙara wa ƙasa sinadarin da ke cikin takin zamani, kamar yadda wake da gyaɗa ke yi. Da rani dabbobi su taru a inuwarsa, su ci 'ya'yansa, su bar kashi. Ƙwayar gawo tana da tauri, amma idan ta bi ta cikin akuya ko saniya sai ta fi saurin tsirowa. Ashe ke nan dabbar makiyayi da gonar manomi sun daɗe suna aikin gayya ba tare da an yi shela ba.

Magabata sun san wannan. A tarihin baka na Damagaram ana danganta wa Sarki Tanimun, wanda doguwar sarautarsa ta kama daga 1851 zuwa 1884, wata doka mai tsanani a kan gawo: wanda ya sare shi a bakin ransa, wanda ya illata shi a bakin hannunsa. Ko yaya aka zartar da ita a aikace, labarin ya nuna cewa tun kafin zuwan Turawa akwai masu mulki a wannan ƙasa da suka ɗauki gawo a matsayin dukiyar jama'a. Abin da ya fi dokar muhimmanci shi ne tsarin noman wancan zamani. Ƙasa tana da yalwa, idan gona ta gaji a bar ta saura shekaru, sabara da kalgo da geza su rufe ta, kafin a dawo a sassabe. Kuka da tsamiya da ɗorawa da kanya kuwa ba a taɓa su, domin kowa ya san miyar gidansa daga gare su take.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, birnin ya zama hedikwatar mulkinsu a Nijar daga 1911 zuwa 1926. Da su aka shigo da wani sabon tunani, cewa daji na hukuma ne. Dokar gandun daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi duk ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa, ta keɓe dazuzzuka, ta jera itatuwan da ba a sara sai da izini, ta ba ma'aikatan gandun daji ikon kamu da tara. A daidai wannan lokaci wani masanin daji ɗan Ingila mai suna Stebbing ya tayar da hankalin mahukunta da cewa Sahara tana gangarowa kudu za ta cinye ƙasar Hausa. Maganar ta kai har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya bi iyakar Nijar da Najeriya a 1936 zuwa 1937. Kwamitin bai ga hamada tana tafiya kamar rundunar yaƙi ba. Abin da ya gani shi ne ƙasa tana lalacewa a wuraren da aka matsa mata da sara da noma.

Sannan gyaɗa ta zo. Magarya ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin gyaɗa na Nijar, haraji kuma da kuɗi ake biyansa, don haka kowa ya faɗaɗa gona. Bayan 'yancin kai a 1960 aka ci gaba a kan wannan hanya, aka kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayen gyaɗa da fitar da ita. Malaman gona suka riƙa koyar da cewa gonar ƙwarai ita ce wadda aka share fes, aka tumɓuke kututture domin garmar shanu ta wuce ba tangarɗa. Jama'a na ƙaruwa, saura na raguwa. Dokar gandun daji ta 1974 ta gaji ruhin ta 1935: itacen da ke cikin gonar mutum ma ba shi da ikon sare shi, wani lokaci ko reshensa, sai da takarda. Sakamakon ya zo a juye. Manomi ya lura cewa ƙaramin tsiro nasa ne, yana iya kashe shi da fartanya ba mai tambaya, amma idan ya bar shi ya girma ya zama na hukuma, ya zama hanyar tara. Sai ya zaɓi ya kashe shi tun yana ƙarami. Dokar da aka yi don kare itace ita ta sa mutane suka daina renon itace.

Farin 1973 zuwa 1974 ya tarar da gonaki a buɗe. Dabbobi suka mutu, rumbuna suka ƙare, gwamnatin Jori Hamani ta faɗi a watan Afrilun 1974. A 1975 cuta ta faɗa wa gyaɗa, noman da bai sake komawa yadda yake ba. Shekaru goma bayan haka wani farin ya dawo, na 1984, wanda a ƙasar Hausa ta Nijar ake kira El-Buhari, saboda ya zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Muhammadu Buhari ta yi a wannan shekara. Ga garuruwan bakin iyaka irin su Yekuwa, inda kasuwa da dangi da ci-rani duk suke tsallake, rufewar ta zama ƙari a kan masifa. Dattawan da suka yi noma a waɗannan shekaru suna tuna yadda iskar farkon damina ke kwaso rairayi ta binne shuka ko ta yanke ta, a yi shuka sau biyu, sau uku, iri ya ƙare. Mata kuwa sai su wuni neman icen girki, a ƙarshe a koma ƙona kara da kashin shanu, abin da ya kamata ya zama takin gona.

Amsar hukuma ita ce dashe. Aka buɗe wuraren renon itatuwa, aka raba dogon yaro da turare, aka kafa bikin 3 ga Agusta. A watan Mayun 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, wanda ya fitar da abin da aka sani da Alkawarin Maraɗi, inda aka amince cewa aikin ba zai yiwu ba sai da hannun talakawa. Ba za a ce dashen bai yi komai ba. Layukan dogon yaro da aka fara dasawa a kwarin Majiya da ke ƙasar Buza a 1975 domin tare iska sun yi suna har a wajen Nijar, kuma inuwar da ke titunan garuruwanmu da farfajiyar makarantu daga nan ta samo asali. Amma a cikin gonaki, mafi yawan abin da aka dasa bai kai rani na biyu ba. Akuya ta ci, gara ta ci, rana ta ƙona, kuma ba wanda ya ji nasa ne balle ya ɗauki tulu ya ba shi ruwa.

A ƙasar Maraɗi, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ya gaji da dashen da ba ya kamawa, ya lura a 1983 cewa 'yan kurmin da ke tofowa a gonaki kowace shekara, waɗanda ake sassabewa a ƙona, ba ciyawa ba ce. Tofon kututturen itatuwan da aka sare ne, saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar masu ƙarfi, aka cire sauran, aka rage musu ƙananan rassa, cikin 'yan shekaru sai su zama itace, domin tsohuwar saiwa ce ke ciyar da su. A lokacin yunwar 1984 aka haɗa wannan aiki da rabon abinci a ƙauyuka kusan ɗari. Da abinci ya ƙare, aka sare kimanin kashi biyu cikin uku na itatuwan da aka rena. Amma waɗanda suka bar nasu suka ga bambanci a gonakinsu, maƙwabta kuma suka gani. Gani ya kori ji. Wannan dabara ita ake kira sassaben zamani.

A nan ne tarihin kudancin Damagaram ya ɗauki tasa hanyar. A Magarya da Matamaye da Mirya babu wani babban shiri da ya bi gona-gona yana raba abinci don a bar itace. Manoma ne da kansu, da ƙasa ta ƙure musu, saura ta ƙare, takin zamani ya fi ƙarfin aljihu, suka koma ga abin da kakanninsu suka sani, suka daina kashe tsiron gawo. Siyasa ma ta taimaka ta hanyar da ba a zata ba. Bayan rasuwar Kunce a 1987, da taron ƙasa na 1991, da ƙarancin kuɗin da ya addabi gwamnati, ƙafar ma'aikatan gandun daji ta ɗauke daga ƙauyuka. Manomi ya fara jin cewa abin da ya rena shi zai mora. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004 suka sassauta al'amura, sannan a ƙarshen Yulin 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta amince wa manomi haƙƙi a kan itacen da ya rena a gonarsa. Abin lura shi ne doka ce ta biyo bayan manoma, su sun riga ta da kusan shekaru talatin.

An daɗe duniya ba ta san abin da ke faruwa ba, domin ba aikin da ake buɗewa da almakashi ba ne. Sai wajen 2004 zuwa 2006 masu bincike suka bi sawu. Mahamane Larwanou ɗan Nijar da Chris Reij ɗan Holan da abokan aikinsu suka zagaya ƙauyuka, Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka kuma ya gwada hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan'adam na bayan 2000. A wasu wurare itatuwa sun ninka sau goma zuwa ashirin. Binciken 2006 ya ƙiyasta kusan hekta miliyan 1 a gundumomin Magarya da Matamaye da Mirya kaɗai, mafi yawa gawo. A faɗin kudancin Nijar an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi da ya kai kimanin tan 500,000 a shekara. Wani abin mamaki shi ne itatuwan sun fi yawa a inda mutane suka fi yawa, saɓanin abin da aka daɗe ana koyarwa cewa yawan jama'a shi ke cinye daji. A 2018 aka ba Rinaudo, tare da Yacouba Sawadogo manomin Burkina Faso, lambar yabo ta Right Livelihood a ƙasar Suwidin. Sun cancanta. Amma dubban manoman da suka yi aikin a jigayin Damagaram ba wanda ya rubuta sunayensu.

Itace a gona ba ya tsayuwa da niyyar mutum ɗaya. Wanda ya rena gawo shekara biyar, aka zo da dare aka sare, da wuya ya sake. Shi ya sa tarurrukan da suka fi tasiri a wannan tarihi ba su ne na jawabai ba, su ne zaman da ake yi a ƙofar mai gari ana yanke ƙa'ida: wa ke da ikon sassaƙar reshe, yaushe, me za a yi wa ɓarawon itace. Ƙauyen Ɗan Saga da ke ƙasar Agye a jihar Maraɗi ya yi suna a kan haka, inda aka kafa kwamitin tsaro da ya haɗa maza da mata da makiyaya, har manoma daga wasu jihohi da wasu ƙasashe suke zuwa ganin yadda suke yi. Sanya makiyaya a ciki ba alfarma ba ce. Su ne ke buƙatar ganyen gawo a ƙarshen rani, kuma dabbobinsu ne ke yaɗa irinsa. Inda aka ware su, rikici ke biyo baya. Mata kuwa su suka fi kowa sanin darajar abin, domin su ne tafiyar neman ice ta ragu a kansu, su ne kuma ke sayar da ganyen kuka, sana'ar da ƙasar Mirya ta shahara da ita.

Kada wannan labari ya sa a saki jiki. Gonaki suna ƙara tsagewa wurin rabon gado. Birane suna girma, buƙatar ice da gawayi tana ƙaruwa. Gawon da ake yi wa aski fiye da kima kowace shekara yana daina 'ya'ya, a ƙarshe ya mutu. Sassaben zamani kuma yana dawo da abin da ke da saiwa ko iri a ƙasa ne kawai. Itacen da ya riga ya ƙare a wuri, kamar yadda ɗorawa da kirya da marke suka yi ƙaranci a gonaki da yawa, sai an nemo irinsa an dasa. A nan ne bikin dashe yake da gurbinsa na gaskiya, idan an zaɓi abin da za a dasa da hankali.

Ga malamai, akwai wata matsala da kowa ya sani: ranar 3 ga Agusta tana faɗowa cikin dogon hutu. A dasa a farfajiyar makaranta, a watse, kafin a dawo a watan Oktoba ruwa ya ɗauke, awaki sun gama aikinsu. Gyaran ba shi da tsada. Kowane itace a ba shi aji ko gidan da zai kula da shi, a kewaye shi da ƙaya, kuma a ranar bikin shekara mai zuwa a fara ƙirga waɗanda suka rayu kafin a haƙa sabon rami. Wannan ƙirga darasin lissafi ne. Kafin damina, lokacin sassabe, a fita da ɗalibai gonar da ke kusa, a gayyato dattijon da ya yi noma a 1984 ya nuna musu yadda ake zaɓen reshe, yadda ake yanka da kaifin wuƙa daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya yage, da yadda ake ɗaura ƙyalle a jiki don kowa ya san mai shi yana so. A sa yara su rubuta sunayen itatuwan garinsu da amfanin kowanne, su tambayi kakanninsu waɗanda suke nan da, yanzu babu. Littafin da zai fito daga wannan aiki babu irinsa a kanti.

Ga iyaye kuwa, abin ya fi sauƙi. Yaron da ake ba fartanya ya san bambancin gero da ciyawa tun yana ɗan shekara bakwai, ba abin da zai hana shi sanin tsiron gawo, da aduwa, da magarya, ya kauce musu. Wasu iyaye suna nuna wa yaro tsiro guda su ce wannan naka ne, kuma ba a cika ganin yaro ya bar nasa ya mutu ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, in ji Hausawa, kuma a wannan batu maganar ta hau kan itacen da yaron baki ɗaya.

Tanimun ya tsare gawo da takobi, Turawa da gwamnatocin farko suka gwada tsare shi da tara, amma bai cika gonaki ba sai da manomi ya tabbata cewa nasa ne. Waɗanda suka yi wannan aiki a shekarun 1980 yanzu sun manyanta, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Idan ba a zauna da waɗanda suka rage ba, aka ji daga bakinsu yadda gona take sa'ad da iska ke binne shuka, za a wayi gari da samarin da ke ganin gawo a matsayin buhun gawayi kawai. Damina mai zuwa, kafin a ɗauki gatari a shiga sassabe, a tafi da yara.